Lauyoyi a kujerun gwamnati: abin da doka ta ce da abin da ya kamata mu duba

Duk sanda aka fitar da sunayen ministoci ko kwamishinoni, sai ka ji ana ta lissafi a majalisun hira da shirye-shiryen siyasa na gidajen rediyon Kano: wane Barista ne, wane kuma SAN, wato mai lambar girma ta manyan lauyoyin Najeriya. Ga tambayoyin da suka fi yawo a bakin mutane.

Shin dole sai lauya za a naɗa minista ko kwamishina?

A'a. Sashe na 147 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce wanda ya cancanci tsayawa takarar majalisar wakilai ya cancanci zama minista, kuma ilimin da ake nema a can bai wuce matakin sakandare ba. Kwamishina ma haka, a sashe na 192, sai dai shi cancantar takarar majalisar dokokin jiha ake dubawa. A majalisar zartarwa kujera ɗaya ce tak aka keɓe wa lauya, ta Antoni Janar, wato babban lauyan gwamnati, wanda shi ne kuma ministan shari'a. Sashe na 150 ya shardanta sai wanda ya shekara 10 da zama cikakken lauya, sashe na 195 ya ɗora wa jihohi sharaɗi iri ɗaya. Zama SAN ba ya cikin sharuɗɗan.

To me ya sa suka yi yawa a ma'aikatun da ba na shari'a ba?

Gaskiya sun yi yawa. Babatunde Fashola ya riƙe wutar lantarki da ayyuka da gidaje daga 2015, Festus Keyamo ya samu sufurin jiragen sama a 2023, Nyesom Wike kuma Abuja. Tun a 1999 Obasanjo ya fara ba Bola Ige wutar lantarki da ƙarafa kafin ya mayar da shi ma'aikatar shari'a.

Wani ɓangaren dalilin mai kyau ne: aikin minista cike yake da kwangila da yarjejeniya da daftarin doka, kuma wanda ya saba karanta takarda layi-layi ba a saurin sa shi ya rattaba hannu a kan abin da zai ja wa ƙasa asara. Amma babban dalilin, a ganina, shi ne zaɓenmu a kotu yake ƙarewa. Mu a Kano mun ɗanɗana: shari'ar kujerar gwamna ta 2023 sai a Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta rufe ta. Ɗan siyasar da ya kwashe watanni makomarsa na hannun lauyoyinsa, su zai fara tunawa ranar rabon muƙami. Abubakar Malami lauyan CPC ne, tsohuwar jam'iyyar Buhari, kafin ya zama Antoni Janar daga 2015 zuwa 2023. Lateef Fagbemi, wanda ya gaje shi, ya tsaya wa APC a shari'ar zaɓen shugaban ƙasa.

Meye aibun haka, tunda ƙwararru ne?

Ƙwarewarsu ba abin musu ba ce. Abin da ke damuna shi ne ikon da ke tattare da kujerar. Sashe na 174 ya ba Antoni Janar na tarayya damar shigar da ƙarar laifi, ko karɓe wadda wata hukuma ta shigar, ko janye ta gaba ɗaya muddin ba a yanke hukunci ba. Na jiha yana da irin wannan iko a sashe na 211. An dai ce ya kula da maslahar jama'a da adalci, amma tun 1983, a shari'ar Ilori, Kotun Ƙoli ta nuna cewa idan ya janye ƙara kotu ba za ta tuhume shi dalili ba.

Wannan mutum kuma ɗan majalisar zartarwa ne, wanda ya naɗa shi zai iya sauke shi gobe. Hausawa sun ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ranar da fayil ɗin wani jigon jam'iyya ya zo teburinsa, talakan da ɗansa ke tsare a gidan yarin Kurmawa ko Goron Dutse yana jiran shawarar ma'aikatar shari'a yana da haƙƙin ya tambaya ko ma'auni ɗaya ake auna su da shi.

Ba a taɓa ƙoƙarin raba kujerar biyu ba?

An yi. Gyaran tsarin mulkin da Shugaba Jonathan ya ƙi sa wa hannu a 2015 ya ƙunshi raba Antoni Janar da Ministan Shari'a. Kenya tun 2010 ta miƙa gurfanar da masu laifi ga wani ofishi mai cin gashin kansa. Ina goyon bayan mu ma mu yi hakan.

Lauyan da aka naɗa zai ci gaba da aikin ofishinsa?

Ba zai ci gaba ba. Ƙa'idar ɗa'ar ma'aikata da ke jadawali na 5 ta hana mai riƙe da muƙami tafiyar da sana'a ko kasuwanci na ƙashin kansa, ban da noma.

Mu a Kano yaya lamarin yake?

Ba mu da ƙarancin lauyoyi. Ga tsangayar shari'a a Jami'ar Bayero, inda ɗalibi ke yin shekara 5, ga reshen Makarantar Horar da Lauyoyi a Bagauda. A 2023 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ba Barista Haruna Isa Dederi ma'aikatar shari'a, mutumin da ya riga ya wakilci Ƙaraye da Rogo a majalisar wakilai, wato ya haɗa lauyanci da siyasa. A maƙwabta, Musa Adamu Aliyu ya tashi daga Antoni Janar na Jigawa ya zama shugaban ICPC, hukumar yaƙi da cin hanci, a 2023, kujerar da dokarta ke neman wanda ya cancanci zama alƙalin babbar kotu.

Me ya kamata a tambaye su wajen tantancewa?

Abin takaici ne a ce wa mai neman irin wannan kujera ya rusuna ya wuce. 'Yan majalisar dokokinmu su tambaye shi su wa ya tsaya wa a kotu a shekarun baya, da kamfanonin da yake wa aiki waɗanda ke da shari'a da gwamnati. Su ji ko zai tsame hannunsa idan fayil ɗin tsohon wanda ya kare ya iso gabansa, ko zai riƙa bayyana wa jama'a dalilin duk ƙarar da ya janye, da kuma kwana nawa fayil ɗin wanda ke jiran shari'a zai riƙa yi a ofishinsa kafin a ba da shawara.