Wai mene ne Ilizarof, ƙarfen nan da ake kewaye ƙafa da shi?

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci a unguwar Aboabo da ke Kumasi wani matashi ya wuce mu yana dogara sanduna, ƙafarsa ta hagu cikin wasu zobban ƙarfe, wayoyi sun huda nama sun fito ta ɗaya gefen. Nan take gardama ta kaure, wani yace ƙarfen riƙe karaya ne kawai, wani kuma yace a'a irin wanda ya gani a TikTok ne da gajeru ke zuwa Turkiyya a ƙara musu tsawo. Kowannensu ya ɗan taɓo gaskiya amma akwai saura.

Ilizarof dai sunan mutum ne, Gavriil Ilizarov, likitan tsohuwar Tarayyar Sobiyet da aka haifa a 1921 ya rasu a 1992. A garin Kurgan na yankin Saberiya ya ƙirƙiro abin a farkon shekarun 1950, amma duniya bata san da shi sosai ba sai da ya yi wa ɗan wasan tsalle Valery Brumel aiki a 1968, shi ma fa hatsarin babur ne ya ragargaza masa ƙafa, ka ga ba mu ne farkon masu wahala da okada ba. Turawan Italiya suka ɗauki dabarar a farkon shekarun 1980, daga nan ta bazu.

To ga inda mutane ke kuskure. Ƙarfen ba ya jan ƙashi kamar roba, ƙashi ba ya miƙewa malam. Abinda ake yi shine a tiyata likita zai yanke ƙashin da gangan cikin kula don kar a lalata jijiyoyin jini da fatar da ta lulluɓe shi, a saka wayoyi sama da ƙasan yankan a ɗaure su tamau a jikin zobe kamar yadda wayoyin tayar keke suke, sai a bar shi wajen sati ɗaya ya fara haɗa sabon danƙo irin wanda duk karaya ke yi. Kafin danƙon ya yi ƙarfi sai a fara buɗa tsakanin guntayen biyu a hankali, milimita 1 a rana, ita ma a raba ta huɗu. Mara lafiyan ne ma da kansa ko wani nasa ke juya notin da sifana a gida. Jiki kuma yana ta bin ramin yana cike shi da sabon ƙashi, nama da jijiya da fata suna biyowa. In aka yi gaggawa ƙashin ba zai samu ba, in aka yi nawa kuma sai ya haɗe tun ba'a kai inda ake so ba.

Yi lissafi, santimita 5 kwana 50 kenan na juyi kaɗai, kuma wannan ne ma gajeren zangon, don jiran sabon ƙashin ya ƙosa yakan ninka haka, shi yasa za ka ga mutum wata shida ko fiye da ƙarfe a ƙafa. Ga wanke bakin wayoyin kullum don nan ne ya fi saurin yin ruwa, ga gashi da motsa gwiwa da idon sawu don kar su sandare, ga ciwo da dare. Wallahi ba kwalliya bace.

Yanzu akwai na zamani wanda ake sawa cikin ɓargo, maganaɗisu ke juya shi daga waje, ba zobe ba waya, irinsa ne masu neman ƙarin tsawo suka fi so kuma kuɗinsa ba na talaka bane. Ni dai a ganina mai lafiyayyun ƙafafu biyu ya kai su a karya don santimita kaɗan, ganganci ne.

Mu a zango inda abin ya shafe mu daban ne. Yaron da aka haifa ƙafa ɗaya ta fi ɗaya, mai gwame ko bakan ƙafa da ya yi tsanani, da kuma wanda pragya (babur mai ƙafa uku) ko okada ta kayar aka kai shi wajen mai ɗori ƙashin ya haɗe a karkace yana ɗingishi. Har wanda ƙashinsa ya ruɓe aka yanke wani yanki, ana iya turo guntun ƙashi a hankali ya cike gurbin maimakon a yanke ƙafar gaba ɗaya. Ban raina masu ɗori ba, sun taimaki iyayenmu, amma karayar da ƙashi ya ɓullo waje ko wadda ta yi watanni tana fitar da mugunya ba tasu bace, a kai mai ita asibitin Komfo Anokye da ke Kumasi sashen ƙashi a ɗauki hoto likita ya duba tun ƙafar na da sauran gyara.