Suna ɗaya ya ishi waifai na gidanka

Tun da aka fara sa Starlink da rautocin mesh (wato na'urorin waifai da yawa da ke aiki tare kamar ɗaya) a gidajen Sakkwato, daga Arkilla har Mabera, tambayoyi iri ɗaya ake ta kirana a kansu. Ga amsoshin nan. Don Allah a karanta kafin a buga waya.

Da ina ganin suna biyu, ɗaya da 5G a ƙarshensa. Yanzu ɗaya kawai nake gani. An cuce ni ne?

Ba wanda ya cuce ka. Zanguna biyun da rauta ke watsa waifai a kansu, 2.4 GHz da 5 GHz, suna nan suna aiki. Suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya aka ba su.

Wannan 5G ɗin shi ne na MTN?

A'a. Wancan na layin waya ne, wannan na waifai. Wayar da ba ta san 5G ba ma tana iya hawa 5 GHz.

To ni na fi son a raba min, in zaɓi mai sauri da kaina.

Alhaji, in haka kake so, me ya kai ka sayen mesh? Ka sa rauta ɗaya a falonka, ɗaya a sashen uwargida, ɗaya kusa da zaure, don ka riƙa yawo da waya kira bai yanke ba. In ka ɗaure ta a kan sunan 5 GHz, da ka ƙetare bangon bulo biyu ko rufin kankare mai rodi, sigina ya faɗi, kana ta "hello, kana ji na?" a tsakar gida. Ka tuna rediyo: gajeren zango yana kai nesa, FM ta fi tsabtar sauti amma a kusa. Haka 2.4 ya fi nisa da ratsa bango, sai dai akwai cunkoso, tashoshi uku kawai gare shi da ba sa taka juna, 1 da 6 da 11, ga Bluetooth ma a nan yake. Shi 5 gudu gare shi amma ba ya nisa. Da suna ɗaya, waya ce ke sauyawa da kanta, rauta na ɗan tunkuɗa ta. Ka bar su su yi aikinsu.

Kyamarata da na'urar waifai ta inbata sun ƙi haɗuwa. Me zan yi?

Wannan ce tambayar da ta cancanci zama, kuma ba ta da amsa ɗaya. Yawancin kyamarori masu araha, da 'yar na'urar da ake maƙala wa inbatan sola, 2.4 kaɗai suka sani. A ƙa'ida suna ɗaya bai kamata ya dame su ba, tunda 5 ɗin ko ganinsa ba sa yi. Galibi wajen haɗawar farko ake samun cikas: wayarka tana kan 5, manhajar na'urar ta lura, sai ta ƙi ci gaba.

Fara da duba manhajar rautarka. Rautocin TP-Link Deco da dama suna da sashe na musamman don irin waɗannan na'urori, ka buɗe shi a 2.4 kaɗai. A eero ana dakatar da 5 na ɗan lokaci. Manhajar Starlink tana bari a raba zangunan. Google Nest Wifi kuwa ba ta bari. Wasu kan buɗe waifai na baƙi a 2.4, kuma yakan yi, amma a sani: sau da yawa ana katange na baƙi daga na gida, ta yiwu kyamarar ta hau intanet amma wayarka ba za ta same ta kai tsaye ba.

In duk babu, ga dabarar da nake yi. Na kashe rautocin gidan gaba ɗaya, na kunna hotspot a wata waya a zangon 2.4, na sa masa sunan waifai na gidan da kalmar sirrinsa, harafi da harafi, babba da ƙarami. Na haɗa kyamarar da shi, sannan na kashe hotspot na kunna rautoci. Kyamara ta ga sunan da ta sani, ta hau. Kwanaki na yi haka a wani gida a Gawon Nama, bayan maigidan ya yi niyyar mayar da kyamarori huɗu kasuwa yana cewa jabu ne, alhali lafiyarsu lau.

Ban ce dole ta yi ba. Wani lokaci ba zango ne matsalar ba, tsaro ne: tsohuwar na'ura takan ƙi sabon tsarin tsaro na WPA3, sai an koma tsohon, WPA2. Wata kuma alamomi a cikin kalmar sirri ne ke rikita ta. A gwada ɗaya bayan ɗaya, kada a juya saiti biyar lokaci guda sannan a kira ni a ce komai ya tsaya.

Suna ɗaya yana rage gudu?

Ba ya ragewa.

Ina zaune gindin rauta amma wayata tana jan na can nesa.

Kwantar da hankalinka, Hajiya, ba lalacewa ba ce. Wasu wayoyin suna da naci. Ki kashe waifai ki kunna. An fi ganin haka bayan an ɗauke wuta an dawo, saboda na'ura kan kama rautar da ta riga tashi.

Sabuwar rautata tana da 6 GHz. Shi ma suna ɗaya?

Ƙwarai, a mafi yawansu. Sai waya mai sabon tsarin waifai, Wi-Fi 6E ko 7, ke ganinsa, kuma WPA3 dole ne a kansa.

Da rana waifai na yankewa, da dare lafiya.

Wannan ba ruwan suna. Je ka taɓa rautar. Na sha tarar da ita a kan batirin inbata ko a bakin taga, a watan Afrilu da zafin garin nan ke haura digiri 40, an kuma lulluɓe ta da ƙyalle saboda ƙura. Cire ƙyallen, ka ɗora ta a sama inda iska ke kaiwa.