Fashin baƙin waƙoƙin rikicin zuci

Waƙoƙin rikicin zuci su ne waɗanda mawaƙi ke fito da ja-in-jar da ke tsakanin mutum da ransa: wasuwasi, nadama, son abin da aka hana, ko tambayar kai "wane ne ni?". Masu nazari ba su ware musu rukuni na musamman ba. Akan tsince su ne a cikin waƙoƙin wa'azi da zuhudu da soyayya da na zaman duniya.

Hanyar feɗe su ita ce dai wadda ake koyarwa a sassan Hausa na jami'o'i. A rubutacciyar waƙa ana bin tsarin Abdulƙadir Ɗangambo, a nemo jigo, a warware shi, sannan a dubi salo. A waƙar baka kuwa ana amfani da kalmomin da Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ya yaɗa, wato turke (babban saƙon waƙa) da gindin waƙa (layin da ake maimaitawa a matsayin amshi) da ɗiyanta (baitocinta, kowane ɗaya ana kiransa ɗan waƙa).

Inda gizo ke saƙa shi ne gane mai magana. Kunya da kara kan hana mawaƙin Bahaushe tona cikinsa kai tsaye. Sai ya mai da zuciya wata daban, ya kira ta, ya yi mata faɗa, ya rarrashe ta kamar uwa da 'yarta mai taurin kai. Wani kuma ya sa damuwar a bakin wani. Ɗan Maraya Jos, wanda aka haifa a Bukuru a 1946 ya rasu a 2015, ya ƙware a wannan: shi kaɗai da kuntiginsa, ba 'yan amshi, yana sauya murya tsakanin miji da mata ko iyaye da 'ya, har mai sauraro ya rasa ɓangaren da ya ɗauka. Duk wanda ya ɗauki kowace "ni" a waƙa a matsayin tarihin mawaƙin ya yi tuya ya manta da albasa.

Kiɗan ma yana da ta cewa. Ɗan waƙar da aka maimaita ana sassauta murya, ko wurin da kiɗa ya tsaya cak aka bar murya ita kaɗai, sau da yawa nan ƙullin yake, kuma rubutaccen matani ba ya nuna shi.

A Jos lamarin ya samu wata fuska bayan rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010. Matasan da suka tashi a Gangare ko Unguwar Rogo, ana ce musu baƙi a garin da aka binne cibiyarsu, suna jin waƙar neman kai da wani kunne daban. Masu waƙar zamani a garin kan cakuɗa Hausa da Turanci da Burokin a baiti ɗaya, kuma mai fashin baƙi kan lura da harshen da mawaƙi ya koma idan magana ta zo kan uwa, addu'a ko mutuwa.

Akwai saɓani kan wa ke da ikon fassara. Wasu na riƙe da cewa waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, a tambayi mawaƙin kawai. Wasu kuma na ganin da zarar waƙa ta fita situdiyo ta shiga wayoyin jama'a, abin da baitocin suka ɗauka shi ne hujja, ko da mai ita ya musanta.