Cacar lotiri

Lotiri nau'in caca ne da ake sayen tikiti mai lambobi, a fitar da lambobin nasara ta hanyar ƙuri'a. Galibi ana zuba ƙwallaye masu lamba cikin injin gilashi, ya yi ta jujjuya su, suna faɗowa ɗaya bayan ɗaya a gaban kyamara. Gwamnatoci sun daɗe suna tara kuɗi da shi. Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ta shirya na farko a Ingila, aka ja ƙuri'arsa a 1569, kuma Staatsloterij na ƙasar Holan yana aiki tun 1726.

Kuɗin tikiti ba duka ake mayarwa ga masu wasa ba. A manyan lotiri na gwamnati kusan rabi ne ke komawa kyaututtuka, sauran ya tafi haraji, ayyukan jama'a, ladan masu sayarwa da ribar kamfani. Ke nan tun kafin a ja ƙuri'a, jimillar masu saye sun riga sun yi asara.

Lissafin damar nasara shi ne abin da ya kamata kowa ya sani. A tsarin da ake zaɓar lamba 6 cikin 49, damar cin babbar kyauta 1 ce cikin 13,983,816. Mai sayen tikiti ɗaya kowane mako sai ya yi kimanin shekara 269,000 kafin ya sayi adadin nan. A Powerball na Amurka abin ya fi haka tsanani, 1 cikin 292,201,338, ko da yake shi ne ya biya dala biliyan 2.04 a 2022. Irin wannan labari ne ke yawo, ba a jin na miliyoyin mutanen da suka tashi a tutar babu. Kuma ƙwallaye ba su san me ya fito jiya ba, don haka lambar da ta daɗe ba ta fito ba damarta ɗaya da kowace, komai abin da masu sayar da “lambar sirri” za su ce.

Haɗarin yana shiga ne a hankali. Ƙaramar nasara, ko lamba ɗaya da ta kuskure, takan sa mutum ya ji ya kusa, ya ƙara saye don ya fanshe asara, har ya ci bashi ya ɓoye wa iyali. Masu ƙaramin ƙarfi su ne suka fi zuba kaso mai yawa na abin da suke samu, abin takaici kuwa. Musulunci ya haramta caca a Suratul Ma'ida aya ta 90, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta sanya jarabar caca cikin cututtukan da ke buƙatar magani.