Ɗaure mai ƙaramin laifi: nawa yake ci mana, kuma me za a yi a madadinsa?

Wanda ya saba bin titin Independence Way a Kaduna ya san ƙofar gidan yari a ranar ziyara. Mata ne suka fi yawa, kowacce da kular abinci a hannu, wata da goyo, wata tsohuwa ta nemi inuwa ta zauna tana jiran a kira ta. Da yawansu ba iyayen 'yan fashi ba ne. Ɗan wata mata waya ya sata, mijin wata tara aka ci shi ya kasa biya. Ga tambayoyin da na fi ji a kan wannan batu.

Nawa gwamnati ke kashewa a kan fursuna ɗaya?

Abin da aka fi sani shi ne kuɗin ciyarwa. Da naira 750 ne a rana, sai a 2024 gwamnatin tarayya ta mayar da shi naira 1,125. Yi lissafi da kanka: a wata ɗaya naira 33,750 ke nan, a shekara kuma sama da naira 410,000. Mutanen da ke tsare a gidajen gyaran hali na ƙasar nan sun kai wajen 80,000, don haka abinci kaɗai yana cin kusan naira miliyan 90 kullum. Ba a sa albashin gandirobobi ba, ba a sa magani da man motar kai mutane kotu da gyaran gini ba. Kuma duk da wannan kuɗi, wanda ya taɓa cin gabza zai gaya maka ba ta ƙosarwa, shi ya sa kulolin nan ba sa yankewa a bakin ƙofa.

Akwai kuma asarar da ba ta shiga kasafin kuɗi. Na san wani matashi a unguwarmu, ɗan acaɓa, da aka kama kan wata tsohuwar waya. Ya yi watanni a tsare. Kafin ya fito mai babur ya ba wani, matarsa ta koma gidan iyayenta da yara biyu, mahaifiyarsa ta sayar da tunkiyarta don zirga-zirgar kotu. Mai wayar kuwa ko sisi bai samu ba. Ranar da ya dawo na gan shi zaune a dakali, ya rame, duk jikinsa ƙuraje, yana sunkuyar da kai idan an gaishe shi. Wannan hoton bai bar raina ba har yau.

Su wane ne suka cika gidajen yarin?

Kusan kashi biyu cikin uku masu jiran shari'a ne, wato kotu ba ta same su da laifi ba tukuna. Wani an ba da belinsa amma an gindaya sharaɗin da ba zai iya cikawa ba, kamar kawo babban ma'aikacin gwamnati ko mai takardar fili. Wani fayil ɗinsa yana jiran shawarar ma'aikatar shari'a. Akan samu wanda zaman jiran da ya yi ya wuce ɗaurin da za a yanke masa ko da an tabbatar da laifin.

Sai waɗanda talauci ya riƙe. A watan Nuwamban 2023, ministan harkokin cikin gida Olubunmi Tunji-Ojo ya ƙaddamar da sakin mutum 4,068 da suka kasa biyan tara ko diyya, da naira miliyan 585 da aka tara daga masu ba da gudummawa. Raba kuɗin ka gani: kowane mutum bai kai naira 150,000 ba, wato abin da ciyar da shi ke ci cikin wata huɗu da 'yan kwanaki.

To idan ba a ɗaure ɓarawo ba, ba an ɗaure masa gindi ke nan ba?

Wannan tambaya ce mai nauyi, ban kuma raina mai yin ta ba. Wanda aka fasa wa shago a Kasuwar Barci ko aka ƙwace wa waya a Kawo yana da haƙƙin ya ga an hukunta wanda ya cuce shi. Mu mutanen Kaduna mun ɗanɗani rashin tsaro, ba mai son a yi wasa da ɗan fashi ko mai garkuwa da mutane ko mai fyaɗe. Waɗannan gidan yari ne wurinsu.

Maganarmu a kan wanda ya ɗauki kaza, ko mudun shinkafa, ko ya yi dambe a tasha ba makami, kuma karon farko ne. Idan aka jefa yaro ɗan shekara ashirin cikin ɗaki ɗaya da riƙaƙƙun masu laifi, me muke tsammani? Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Ya shiga bai san komai ba sai 'yar ɗauke-ɗauke, ya fito da abokai da dabaru, ga tambarin "tsohon fursuna" da zai hana a ɗauke shi aiki ko a ba shi mata. Hukuncin da ya sa shi biyan mai kaya, ya kuma share kwata a unguwarsu kowa na kallo, ya fi taɓa shi, ya fi kuma amfanar wanda aka zalunta. Ni a ganina wannan ya fi kusa da adalci.

Doka ta yarda da wani hukunci ban da ɗauri?

Ta yarda, da daɗewa ma. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta ba alƙali damar yanke ɗaurin je-ka-gyara-halinka ko aikin yi wa al'umma hidima, amma ta cire laifin da aka yi da makami, da laifin lalata, da wanda hukuncinsa ya wuce shekara uku. Jihar Kaduna ta yi irin wannan doka tata a 2017. Sannan a 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta mayar da hukumar gidajen yari ta koma hukumar gyaran hali, aka raba aikinta biyu: tsare mutane, da kula da masu hukuncin da ba na tsarewa ba.

A ƙarƙashin wannan akwai aikin hidima, kamar shara a kasuwa ko asibiti na wasu sa'o'i. Akwai sakin mutum a ƙarƙashin sa idon jami'i. Akwai sakin mai kyakkyawan hali kafin wa'adinsa ya cika bisa sharaɗi. Akwai kuma sulhu tsakanin mai laifi da wanda aka yi wa laifin. Na ƙarshen nan ba baƙo ba ne a wurinmu. Tun kafin a rubuta shi a doka, mai unguwa da liman da dattawa suna zaunar da mutane a zaure, a mayar wa mai kaya kayansa, a ja wa yaro kunne a gaban ubansa.

Kaduna ma tana da tarihi a nan. Sansanin fursunoni na Kakuri buɗaɗɗen gidan yari ne da aka gina kan amana da aiki, ga kuma gidan horar da kangararrun matasa da ke Barnawa, ɗaya daga cikin 'yan ƙalilan a ƙasar.

Me ya sa har yanzu ba a cika amfani da su ba?

Sa ido yana buƙatar ma'aikata da abin hawa. Alƙalin da bai tabbata akwai wanda zai bi sawun mai laifi ba, zai ga ɗauri ya fi masa kwanciyar hankali. Akwai kuma tsoron bakin jama'a, kada a ce ya ci hanci.

Amma babban dalili a wurina shi ne wanda ke turawa daban, wanda ke biya daban. Mafi yawan fursunoni dokokin jiha suka karya, kotunan jiha suka tura su, amma gwamnatin tarayya ke ciyar da su. Wanda bai san zafin kuɗin ba, ba zai yi tsimi ba. A watan Maris na 2023 an gyara kundin tsarin mulki ta yadda jihohi ma za su iya kafa gidajen gyaran hali. Ranar da jiha ta fara biyan kuɗin gabza daga aljihunta, za ta sake duba hikimar ɗaure mutum wata shida kan tarar naira 20,000.

Tara fa, ba ita ce mafita mai sauƙi ba?

Ga mai hali, ita ce. Ga mai tura baro, tarar da ba zai iya biya ba ɗauri ce da aka sauya wa suna. Idan za a ci tara, a duba ƙarfin mutum, a bar shi ya biya kaɗan-kaɗan, in ya gaza a mayar masa da ita aikin hidima.

An kama ɗan'uwana kan ƙaramin laifi. Me zan yi?

Ka fara da sanin cewa belin 'yan sanda kyauta ne, kuma kundin tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya, ko biyu idan kotun na da nisa. Doka ta hana a kama wani a madadin wani, ta kuma hana a kama mutum kan bashi ko saɓa alkawarin ciniki kawai. In ba ku da kuɗin lauya, ku nemi ofishin hukumar ba da agajin lauyoyi kyauta ta ƙasa da ke Kaduna.

Sannan ku je wurin wanda aka yi wa laifin tun da wuri, da dattijon da yake jin nauyinsa, ku ba da haƙuri, ku biya abin da ya salwanta, a rubuta a sa hannu. Idan an zo yanke hukunci, lauya ya roƙi kotu a fili ta duba aikin hidima ko ɗaurin je-ka-gyara-halinka, ya nuna cewa karon farko ne kuma akwai mai tsaya masa. In kuwa ya riga ya daɗe a tsare ba a kai shi kotu, ku rubuta wa ofishin babban jojin jiha, domin yana da ikon sakin irin waɗannan mutane a ziyarar da yake kaiwa gidajen gyaran hali. Ku sa lambar ƙarar da ranar da aka fara tsare shi a cikin takardar.