Daga ɗakin tiyata zuwa bincike: nas mai ba da maganin barci a Amurka

Wai nas ce ke sa mutum barci kafin tiyata, ba likita ba?

A Amurka kam har da nas, ana ce musu CRNA, kuma ba jiya aka fara ba, tun lokacin yaƙin basasar ƙasar na 1861 zuwa 1865 nas-nas ke wannan aikin, ƙungiyarsu ma tun 1931 aka kafa ta. A ƙananan asibitocin karkara sau da yawa su kaɗai ne ke riƙe da aikin.

Yaya ake zama?

Sai nas ɗin ta yi digirin farko a aikin jinya, ta samu lasisi, ta yi aƙalla shekara 1 a sashen marasa lafiyar da ke kwance rai a hannun Allah, sannan ta koma makaranta shekara 3 cur ta zauna jarrabawar ƙasa. Daga 2022 duk wanda ya shiga karatun da digirin dakta zai fita.

To na ji wasunsu na komawa bincike, me ya haɗa irin wannan nas da binciken bambancin kulawa tsakanin baƙar fata da farar fata?

Nan ne maganar take. Ita ce fa ke tsaye a kan mara lafiya tun daga yanka har ɗinki, idonta na kan na'urori, ita ke auna maganin zafi, to in ana yi wa wani ƙwauro ai a gabanta ake yi. Ka ɗauki ɗan abin nan da ake maƙalawa a yatsa ya auna iskar oksijin, a 2020 masu bincike a Jami'ar Mishigan suka gano yana nuna lafiya lau alhali iskar ta yi ƙasa, kuma hakan ya fi faruwa ga baƙar fata kusan ninki 3, saboda haske yake harbawa ta cikin fata, launin fatar na shafar lissafinsa. Abin da take dogaro da shi kullum kenan fa! Ga binciken Jami'ar Bajiniya na 2016, kusan rabin fararen ɗaliban likitanci da sababbin likitocin da aka tambaya sun yarda da aƙalla ƙarya ɗaya irin wai fatar baƙi ta fi kauri. Ga kuma masu naƙuda, mata baƙar fata ba sa samun allurar gadon baya mai kashe zafi kamar farare, mutuwa dalilin ciki da haihuwa kuwa kusan ninki 3 ce a kansu.

Ganin da take yi da idonta bai isa ba?

Ina! In ta ce na lura, za a ce mata tunaninki ne. Sai ta zo da alƙaluman dubban marasa lafiya, ta cire tasirin shekaru da inshora da tsananin ciwo, ta nuna har yanzu giɓin na nan, sannan a saurare ta. Shi ya sa take komawa digirin digirgir na PhD, don daktan da ta yi a baya na iya aiki ne, wannan kuma na koyon lissafi da tsara bincike ne, shekara 4 zuwa 5 ko fiye. Kuɗin binciken yawanci daga hukumar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka, wato NIH, ake nema, tana da cibiyar binciken jinya, da wata ta lafiyar tsiraru da ta zama cikakkiyar cibiya a 2010.

Akwai asara a ciki?

Sosai ma. Matsakaicin albashin CRNA ya haura dala dubu 200 a shekara, alawus ɗin ɗalibin PhD na NIH kuwa a 2024 wajen dala dubu 28 ne, ga bashin makaranta na jira. Shi ya sa wasu ba sa barin tiyatar gaba ɗaya, su yi kwana ɗaya ko biyu a mako, sauran ranakun suna gaban kwamfuta. Ni a ganina hakan ya fi, don tambayar da za ta yi bincike a kai gobe, a ɗakin tiyata za ta tsince ta.