Ciwon suga da maiƙon jini: me suke yi wa zuciya in sun haɗu?

Ina shan magani, sugana ya daidaita. Me ya kawo maganar kwalastarol, wato maiƙon jini, kuma?

Saboda abin da ya fi kashe masu ciwon suga shi ne ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Haɗarin da mai suga ke ciki ya kai kusan ninki biyu na wanda ba shi da shi. Na'urar da kake soka wa yatsa da safe suga kaɗai take aunawa, ba ruwanta da maiƙon da ke yawo a jini.

To yaya suke haɗa baki?

Suga in ya daɗe da yawa a jini yana ƙuje bangon cikin jijiyoyi. Ta nan mugun kwalastarol, wanda takardar gwaji ke kira LDL, yake samun kafa ya kutsa, ya taru shekara da shekaru, kamar yadda dauɗa ke cushe bututun ruwa. Ran da tarin ya fashe sai jini ya daskare a wurin, hanya ta toshe. In jijiyar zuciya ce, bugun zuciya ke nan. In ta ƙwaƙwalwa ce, shanyewar ɓarin jiki.

Ga kuma wani tarko. A ciwon suga nau'i na 2, kitsen da ake kira tiraigilisarayid yakan hau, HDL mai kwashe maiƙo zuwa hanta ya sauka, ƙwayoyin LDL kuma su ƙanƙance, su fi saurin shiga bango. Sai takarda ta nuna LDL ɗinka bai yi yawa ba, alhali ɓarna na tafiya.

Ba na jin komai, kuma ba ni da ƙiba.

Kwalastarol ba ya sallama, siriri ma yana da shi, don hanta ce ke haɗa mafi yawansa. Wani mai sugan ma bugun zuciya kan zo masa ba ciwon ƙirji, saboda suga ya riga ya taɓa jijiyoyin da ke kai saƙon zafi. Haki ba dalili, zufa mai sanyi, tashin zuciya ko kasala ta farat ɗaya, kada a ce shawara ce ko basir. A nufi asibiti.

Dole ne in ƙara wani magani?

Likita ne zai yanke, amma ka tambaye shi batun sitatin, wato maganin rage kwalastarol. A binciken CARDS na 2004 a Birtaniya da Ailan, an ba masu suga wani sitatin mai suna atorvastatin, miligiram 10 kullum, manyan matsalolin zuciya da jijiyoyi suka ragu da kashi 37 cikin 100, kuma mutane ne da kwalastarol ɗinsu bai yi wani tashi ba. Shi ya sa ƙungiyar masana ciwon suga ta Amurka ke ba da shawarar sitatin ga masu suga daga shekara 40 zuwa 75. Mai juna biyu ko mai neman haihuwa ta fara gaya wa likita.

Abinci fa?

A nan ne, a ganina, aka fi yin kuskure. Mutum ya bar shayi mai suga, amma tuwonsa na ninƙaya cikin man shanu, dare kuma tsire mai kitse. Rage man shanu, manja da soye-soye, ka ƙara wake, kifi, zogale da alayyahu. Yi tafiyar ƙafa ta minti 30 yawancin ranakun mako, ka yar da taba, ka riƙa auna hawan jini, don shi ne na ukunsu.